Mako biyu ina rubuta duk abin da na ci

A watan da ya wuce na je asibiti a nan Damagaram saboda wata kasala da ta daɗe tana damuna, wadda na yi ta ɗora wa zafin gari da yawan aiki. Bayan an auna ni, likitar ta ce jinina ya hau zuwa 14/9, sukarin jinina kuma, wanda aka ɗiba tun ban karya kumallo ba, ya kai giram 1.18 a lita. Ta bayyana mini cewa sai an kai 1.26 ake kiransa ciwon sukari, amma wanda yake inda nake ya riga ya kama hanya. Daga nan ta tambaye ni: "Malam, me kake ci a yini?" Na amsa mata da zuciya ɗaya cewa ni ba mai yawan ci ba ne, koko da safe, fura da rana, tuwo da dare, shi ke nan. Ba ta musa mini ba. Ta ce in sayi kaye, wato littafin rubutu irin na ƴan lakwal, in riƙa rubuta duk abin da ya wuce ta maƙogwarona har tsawon mako biyu, da lokacin da na ci shi da wurin da nake zaune, sannan in kawo mata.

Na yi abin da ta ce, kuma abin da na gani a cikin kayen ne ya sa nake wannan rubutu. Ra'ayina a yau shi ne, duk magidanci ko uwargida da suka haura shekara arba'in ya kamata su gwada wannan ko sau ɗaya, domin yawancinmu ba mu san abin da muke ci ba, alhali muna da tabbacin cewa mun sani.

Da farko abin ya yi mini nauyi, kuma na san dalili. An rene mu a kan cewa ƙirga loma rowa ce, kuma wanda yake kallon hannun mutane a bakin kwano ba shi da tarbiyya. Abinci a wurinmu arziki ne daga Allah, ana yin bismillah a ci, a yi hamdala a tashi. Saboda haka ranar farko da na ciro kaye daga aljihu bayan tuwon dare, uwargida ta dube ni ta ce: "Malam, ko girkin ne ake yi wa maki?" Sai da na zaunar da ita na faɗa mata abin da likita ta ce kafin hankalinta ya kwanta, kuma daga baya ita ce ta fi kowa taimaka mini. Na kuma tuna mata da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya raba ciki kashi uku, ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Wanda aka umurta ya bar sulusin cikinsa ai an umurce shi ne ya san iyakar abin da yake zubawa a ciki.

Ban yi wa likita ƙarya ba ranar da ta tambaye ni. Matsalar tana cikin abin da muke kira abinci. In Bahaushe ya ce ya ci abinci, tuwo yake nufi ko shinkafa ko dambu, abin da aka zuba a kwano aka wanke hannu aka zauna masa. Sauran duk abin da ya shiga baki tsakanin wannan kwano da wancan ba ya shiga lissafi, sunansa taɓa ka lashe ko jiƙa maƙoshi. A shafin ranar Talata ta farko na tarar da ƙosai biyar tare da kokon safe, da fanke biyu da wani abokin aiki ya miƙo mini wajen ƙarfe goma, da lemon kwalba ɗaya bayan azahar, da alkaki biyu da aka kawo wa iyali daga gidan suna, da tsire na dala ɗari a hanyar komawa gida. Ko ɗaya daga cikinsu ban ambata wa likita ba, domin ko ɗaya ban ɗauke shi a matsayin ci ba.

Amma babban abin da ya girgiza ni shi ne shayi. Ina zama a fada, wato majalisarmu ta hira da shan shayi, sau biyu a rana, bayan la'asar da bayan isha'i, kuma kowane zama sai an yi na farko da na biyu da na uku kamar yadda aka saba. Shekara fiye da ashirin ina karɓar ɗan kofin nan mai kumfa ban taɓa duban abin da ake zubawa a buta ba. Da kaye ya tilasta mini dubawa, sai na ga yaron da yake dafa mana yana cika ɗan kofi ɗaya da sukari ya juye a kowane zagaye. Na ɗauki irin kofin na kai wa mai butikin unguwarmu, ya cika shi ya ɗora a sikeli, ya ba da kusan giram 60. Mu shida ne muke raba butar, ke nan giram 10 ne rabon kowa a zagaye ɗaya, giram 30 a zama ɗaya, giram 60 a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa, wanda ga baligi ya kama kimanin giram 50 a rana, wato ƙananan cokula 12, kuma in ya koma rabin haka ya fi. Shayi kaɗai ya tsallakar da ni wannan iyaka tun ban taɓa komai ba. Da na ƙara sukarin koko da na fura, da kusan giram 35 da yake cikin lemon kwalba mai santilita 33, sai lissafin mafi yawan ranakun ya haura giram 100.

Gishiri ya fi wuyar kamawa, domin ba ni nake riƙe da tukunya ba. A nan ne uwargida ta shigo, ta riƙa faɗa mini ƙwayar dunƙulen miya nawa ta jefa a kowane girki. Kusan rabin kowane dunƙule gishiri ne, ga gishirin da ake barbaɗawa a kansa, ga yajin tsire da na kilishi waɗanda su ma ba a rasa su da shi. Hukumar ta ce kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba.

Kayen ya kuma nuna mini abin da babu. A cikin kwana goma sha huɗu sau biyu kawai na ci ɗan itace, ganye kuwa in ban da kuka da kuɓewa busassu na miya, kwaɗon zogale ɗaya ne na gani. Ana ba da shawarar giram 400 na ganye da ƴaƴan itatuwa a kowace rana, ni kuwa ban tabbata na haɗa hakan a mako guda ba. Abin takaicin shi ne ba tsada ce ta hana ni ba, domin kuɗin lemon kwalba ɗaya ya isa a sayi zogalen da zai ƙosar da mutum biyu, kuma lokacin sanyi kasuwar Dole cike take da kabeji da salati da karas da tumatir na lambunan karkara. Wake ma, wanda Nijar take cikin ƙasashen da suka fi kowa nomansa a duniya, a soye kawai yake zuwa mini.

Na san abin da wasu za su ce, domin wani dattijo a fadarmu ya riga ya faɗa mini: "Ɗana, a ƙasar da wani yake kwana da yunwa, kai ka samu har kana rubutawa?" Maganarsa tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Akwai gidaje a garin nan da tambayarsu ita ce ko za a ɗora tukunya yau, kuma ba su nake yi wa wannan magana ba. Sai dai na ce masa: "Baba Alhaji, sukari da mai da garin fulawa su ne abin da ya fi saurin toshe yunwa da ɗan kuɗi kaɗan, shi ya sa ciwon nan bai tsaya a gidan masu hali ba." Ma'aikaci mai ƙaramin albashi da ɗan kabu-kabu da mai tebur a bakin titi, waɗanda suke yini a kan shayi da burodi da fanke, su ne maganin sukari na kowane wata zai fi karya wa ƙugu in ciwon ya kama su.

Ga wanda yake so ya gwada, abin ba ya buƙatar sikeli ko wata manhaja ta waya. Mu da muke ci a kwano ɗaya ba za mu iya auna rabonmu da giram ba, amma muna da ma'aunanmu: malmala nawa aka zuba kuma mutum nawa suka sa hannu, ludayi nawa na fura, moɗa nawa ta kunu, ƙosai na dala nawa. Sharaɗin da na ga ya fi kowane muhimmanci shi ne a rubuta nan take, domin ranar da na bari sai dare na manta da gyaɗar da na ci da hantsi, sai ɓawonta da na tarar a aljihu ne ya tuna mini. A tabbata Juma'a ta shiga ciki, da ranar biki ko suna in ta faɗo, kuma a makon farko kada a canza abin da aka saba ci don kawai shafin ya yi kyau. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya ɗauki hoto ko ya naɗi muryarsa a waya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 a kan mutum kusan 1,700 ya nuna cewa masu rubuta abincinsu kullum sun rage nauyi ninki biyu na waɗanda ba sa rubutawa, ko da yake ni ba rage ƙiba ce ta kai ni ba. Wanda kuma yake shan maganin sukari ko yake allurar insulin kada ya yanke abinci da kansa saboda abin da ya gani a kaye, ya kai wa likitansa su duba tare.

Da na mayar wa likitar da kayen, ba ta hana ni tuwo ba, ba ta kuma hana ni fura ba. Ta ja layi a ƙarƙashin shayi da lemon kwalba, ta ce in fara daga nan, in dawo bayan wata uku a sake aunawa. Yanzu zama ɗaya nake yi a fada, kuma yaron yana tsiyaya mini nawa kafin ya juye sukari a buta. Ɗacinsa ya ba ni wahala kwana huɗu ko biyar, daga baya harshe ya saba. Maganar gishiri ce har yanzu ba mu gama ba, domin tukunya ɗaya ce take ciyar da mu goma sha ɗaya, kuma mahaifiyata, wadda take zaune tare da mu, ta ce miyar ta yi lami ranar da aka rage dunƙule biyu lokaci guda. Mun dawo muna rage rabin ƙwaya a mako, uwargida tana cike gurbin da daddawa da tafarnuwa, ni kuma ina rubuta ranar da Inna ta yi magana da ranar da ba ta lura ba.