Awa bakwai a Nasau, gaisuwa ta rasa mai amsawa

Tun da muka dawo abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya. A hutun yara na bana muka shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa daga Miyami ta Amurka, ni da maiɗakina da yaranmu biyu. Jirgin unguwa ce guda a kan teku: hawa fiye da goma, wuraren iyo, ɗakunan cin abinci, mutane dubbai. Da yamma muka tashi, gari na wayewa sai ga Nasau, babban birnin Bahamas. Ruwan gaɓar shuɗi ne garau, har yashin ƙasa kana hangowa. Aka sanar cewa ƙarfe tara za a sauka, huɗu da rabi kowa ya dawo, wanda ya makara ya kuka da kansa.

Daga tasha zuwa Titin Bay taku kaɗan ne. Shagunan agogo da turare a jere, ana karɓar dalar Amurka don darajarta ɗaya da tasu. A kasuwar kayan kaba muka tarar da wata dattijuwa zaune tana saƙa, yatsunta na tafiya kamar na gwaggona in tana ɗinkin faifai. Duk wanda ya gifta sai ta yi masa barka da safiya. Na tsaya ina kallo. Ayari bayan ayari suna wucewa, wani ya ɗaga malafa ya ajiye, wani ya ɗauke ta hoto babu neman izini, amma ba wanda ya amsa. Sai ta dubi ɗana mai shekara goma sha biyu ta gaishe shi. Ya kawar da kai.

Na ce, "Kai, ba ka ji Mama na gaishe ka ba?" Ya amsa mini da Turanci: "Abba, ai ban san ta ba."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rusuna na gaishe ta, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta saba da mutanen jirgi.

Ban raina abin da na gani ba. Titunan bakin tasha tsaf, ga wuta, ga tsari, kuma yawon buɗe ido shi ne babban abin da ƙasar ke ci da shi. Mu da rashin tsaro ya kore mana baƙin da a da suke zuwa kallon hawan daushe ba mu da bakin yi wa kowa gori. Amma wannan ba baƙunta ba ce. Baƙon da bai sha ruwanka ba, bai tambayi gida ba, azahar na yi ya koma jirgi ya ci abinci saboda ya riga ya biya kuɗinsa, wane irin baƙo ne? A Kasuwar Kurmi ko allura za ka saya sai an yi "ina kwana, yaya kasuwa, yaya iyali" kafin a kai ga "albarka".

Kuma mutanen nan 'yan'uwanmu ne, mafi yawansu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Mun hau matakalar nan mai hawa sittin da 'yan kai da bayi suka sassaƙa a cikin dutse wajen 1793, a ƙarƙashin ganuwar Fincastle. Na shafa bangon, jikina ya yi sanyi. Sai a 1973 suka karɓi 'yanci daga Ingila. Gaisuwa ta tsallake teku da bauta tana nan a bakinsu, ɗan da na haifa kuwa ya rasa ta.

Ba zan ɗora wa yaron laifi duka ba. Tun yana ƙarami makaranta ke koya masa kada ya kula wanda bai sani ba, kuma a unguwarmu ta nan ƙasar waje mun shekara bakwai ban taɓa shiga gidan maƙwabcina ba. Sau biyu kacal ya je Katsina, kowanne mako biyu, rabin kwanakin a otal.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kira Hajiya na miƙa masa waya. Ta jero masa gaisuwa har da kirarin kakansa. Ya ce "lafiya lau", ya miƙo mini. Hajiya ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko bana za mu zo Sallah.