Ranar da aka karɓi haihuwata a renji

Har yanzu cinyoyina ba su daina ciwo ba, saboda haka mai dariya ya yi a hankali.

Ni soja ne. Akwai tsohuwar jakar da nake sa magazin, wato gidan harsashin bindiga, irin ta China ɗin nan ta ƙirji, mai aljihu uku da maɓallin katako. Shekara huɗu muna tare, igiya ta tsinke, baduku ya ɗinke, ta sake tsinkewa. Albashi na shigowa na faɗa kasuwar mami ta barikinmu, na hango wata a wurin mai gwanjo, ruwan ƙasa, ba murfi ba maɓalli, sai roba a baki. Ya ce ta sojan Amurka ce. Magazin kuwa ba a fita da shi daga amori, ɗakin ajiye makamai, a je kasuwa gwaji, sai na zura wayata, ta shige sumul, na ƙirga masa dubu tara.

Ashe don magazin ɗin M4, bindigar sojan Amurka, aka ɗinka ta, mai cin harsashi 5.56, siriri, kusan miƙaƙƙe. Namu na AK 7.62 ne, cin 30, a lanƙwashe kamar ayaba, ga ɗan haƙorin ƙarfen nan da ke kama bindiga. Tun muna kurata a Zariya na san haka. Kwalliya ce ta rufe mini ido.

Safiyar da muka je renji, filin koyon harbi, na tura magazin, ya ƙi. Na dafe jakar da gwiwa na danna da tafin hannu, ya shige har wuya. Haka na yi wa duka ukun. Na ce a raina, wannan ko gudun ceton rai na yi ba zai faɗi ba. Ban yi ƙarya ba kuwa.

Muna durƙushe, na ƙarar da na kan bindiga, aka ba da umarnin sauyawa. Na kai hannu na ja. Shiru. Na sake ja da ƙarfi, sai jakar gaba ɗaya ta taso ta daki haɓata, hular kwano ta zamo ta rufe mini ido. Dama da hagu har sun ci gaba da harbi, ni ina kokawa da ƙirjina. Na gwada na biyu, na gwada na uku. Haƙorin nan ya maƙale a roba, kowanne ya yi zamansa kamar ya biya kuɗin haya. Aka tsayar da wuta. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai nishina da takun but ɗin Samanja.

Kun san shi dai, ba ya Hausa a bakin aiki sai in zai yi wa mutum wankin babban bargo. Ya karɓi bindigar, ya duba ta, ya miƙa wa na kusa, sannan ya sunkuyo a hankali.

"Kofur, lafiya? Naƙuda ce?"

"A'a Oga, magazin ne ya..."

"Ya ce ba ya fita? To ka lallashe shi mana. In ka je daji ma sai ka ɗaga wa 'yan bindiga hannu, ka ce don Allah su dakata, kana da lalura."

Ya kira mutum biyu. Ɗaya ya rungume ni ta baya, ɗaya ya sa gwiwa a cikina ya kama gindin magazin da hannu biyu. Samanja na ƙirga musu. A ja na uku robar ta tsinke, ta tsinka mini a leɓe, mai ja ya faɗi zaune da magazin a hannu. Sai na ji wata murya daga baya: "Barka da arziki, namiji ne!"

Na san muryar. Abokin ɗakina ne, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Wannan mutumin shi ya raka ni mami. Shi ya riƙe mini madubin mai gwanjo, yana cewa wallahi na fito kamar na fim, har ya taya ni ciniki daga dubu goma sha biyu. Mutumin da nake bi dubu uku tun ƙaramar salla, wanda ke shanye mini madara ya ƙara ruwa a gwangwani don kada in gane. Da na tare shi da yamma, cewa ya yi ai tun a kasuwa ya lura aljihun ya yi ƙanƙanta, amma ya ga raina ya biya, bai so ya ɓata mini. Kuma har ya kai wa mai shayin bakin get labari, jiya na je sayen burodi ya tambaye ni yaushe suna.

Tsallen kwaɗo na yi, mita ɗari zuwa allon harbi da dawowa, da ragowar biyun a ƙirjina, kowannensu ya haura giram 800, suna dukan haƙarƙarina. Da reza aka fito da su daga baya.

Mai gwanjo ya ce shi bai ce ta AK ce ba, ta sojan Amurka ya ce. Na rasa amsa. Tsohuwar tana wurin baduku, ya ce in dawo Alhamis. Sabuwar kuma aljihu ɗaya ne ya tsira, caja nake sawa a ciki. Ɗazu abokin ɗakin nawa ya ce in ara masa ita zai ɗauki hoto.