Wace kyamara ce ta cancanci miliyoyin mai hoton Kano?

Kyamara mai madubi a ciki ta kama hanyar bankwana. A ajin manyan kyamarori na ƙwararru, Sony ta fara da A7 marar madubi a 2013, Canon da Nikon suka biyo ta a 2018 da EOS R da Z6, kuma Canon ba ta sake fitar da wata 5D, jerin kyamarorinta masu madubi na ƙwararru, ba tun Mark IV ta 2016. Saboda haka duk mai hoton da ke shirin sauya bodi, wato jikin kyamara ban da lens, sabon salon marar madubi ne a gabansa. Abin da ya rage masa shi ne ya san me zai biya wa kuɗinsa, kuma a ganina masu hoton Kano suna yawan ɗaukar amsar daga bakin mutanen da ba irin aikinsu suke yi ba.

Kamfanonin suna gasa ne a kan yawan megafiksel (ƙwayoyin da ke haɗa hoto), bidiyon 8K mai tsananin fitowa tar da saurin ɗauka. Canon R5 ta fito a 2020 a kan dala 3,899, Sony A9 III kuma ta kusa dala 6,000. Ko Canon R6, da ake kallo a matsayin ta tsaka-tsaki, dala 2,499 aka sa mata. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. A wannan lissafi R6 kaɗai ta haura naira miliyan uku da rabi, ba lens, ba kuɗin kawowa. Biki nawa mutum zai ɗauka kafin ya fanshe? Kuma hotunan nan, mafi yawansu a WhatsApp da Instagram za su ƙare, inda ake matse su har a rasa bambancin megafiksel 24 da 45.

Abin da aikinmu ke buƙata daban ne. Yawancin kyamarorin nan an rubuta a takardarsu cewa iyakar zafin da aka yi su dominsa shi ne digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan kai haka ya wuce. R5 ta yi ƙaurin suna da ɗaukar zafi ta katse bidiyo tun fitowarta, a ƙasashen da ba su san ranarmu ba. Mai ɗaukar kamu a tsakar gida da la'asar, ango ya iso, ƙawaye sun taso da guɗa, kyamara ta nuna alamar zafi ta tsaya: wannan lokaci ba zai maimaitu ba, kuma iyayen amarya ba za su karɓi bayanin 8K a madadinsa ba.

Sai ƙura. A tsohuwar kyamara madubi yana kare sensa, wato ɓangaren da ke kama haske ya mai da shi hoto, a sabuwa kuwa da an cire lens sensa tana fili. Wanda ya taɓa canza lens a cikin hunturu, ko a Kofar Kudu ranar Hawan Daushe dawakai na tada ƙasa, ya san ɗigo-ɗigon da ke fitowa a sararin samaniyar kowane hoto. EOS R tana rufe labulen da ke gaban sensa idan an kashe ta, Nikon Z9 ma tana da murfin da ke kare sensa. Irin wannan ne nake ganin ya dace a ƙara wa kuɗi da zuciya ɗaya. Haka ramin memori biyu. EOS R da Z6 na farko rami ɗaya suka zo da shi, aka yi ta ƙorafi, kuma da gaskiyar masu ƙorafin, domin memori idan ya lalace da hotunan ɗaurin aure, amanar mutane ce ta salwanta. Batir ma haka: a ma'aunin kamfani 5D Mark IV tana ba da hoto wajen 900 a caji ɗaya, EOS R kuwa 370, ga kuma halin wutarmu.

Masu son sabo suna da hujja guda mai ƙarfi, ba na musunta. Yadda sababbin kyamarori ke kama idon mutum su bi shi a ɗakin taro mai duhu ya rage hotuna masu hazo sosai. R6 Mark II ta 2022 har doki take ganewa, abin da duk mai ɗaukar hawan Sallah zai yi marmari, musamman yanzu da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kuma neman hotunansa daga waje zai iya ƙaruwa. Sai dai kama ido ya riga ya sauko cikin bodin tsaka-tsaki, har da na hannu irin su A7 III, wadda take da ramin memori biyu. Ba sai an hau na ƙololuwa ba.

Wanda ya tara lens ɗin Canon na da ma bai yi asara ba, da adafta suna aiki a sabuwar bodi. Idan kuɗin ya kai na bodi ɗaya mai tsada, gara a raba shi: bodi biyu matsakaita, ɗaya da dogon lens ɗaya da gajere, don kada a buɗe sensa a cikin ƙura, ragowar a sa a batura da fitila mai kyau.