Ranar karɓa ba su tambayi yadda ake rubuta Muhammad ba

Litinin ɗin da ta wuce wata yarinya da ba ta kai autata shekaru ba ta koya mini rubuta sunana. A cikin banki, a nan Gombe, gaban layin mutane, ta juyo da allon kwamfutarta, ta ɗora bakin biro a kan baƙi ɗaya, wai in duba da kyau. Ni da na tsufa da alli a hannu, na koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali har furfura ta cika mini kai. Na dawo gida tuwo ya ƙi shiga. Maiɗakina ta ce in bar wa Allah. Na bar masa, amma sai na faɗa.

Ba sadaka na je nema ba, ba kuma bashi ba. Ribar hannun jarina ce. Duk ma'aikacin da ya riski shekarun 2005 zuwa 2007 ya san labarin. A 2004 Soludo yana gwamnan Babban Banki ya ce kowane banki ya kai jarinsa naira biliyan 25 daga biliyan 2, ko ya rufe. Bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25, kuma kafin su dunƙule da bayan sun dunƙule, aljihunmu suka nufo, suna sayar mana da hannun jari. Har ɗakin malamai suka same mu, da kwat da laktaye cikin zafin Afrilu, kowace magana sai an haɗa da "ranka ya daɗe". Fom ɗin shafi ɗaya ne. Yaron da ya cika nawa a kan bonet ɗin motarsa ya cika shi. Na ga ya rubuta Mohammed, na ce ni Muhammad nake rubutawa. Ya yi dariya ya ce, "Baba, duk ɗaya ne, ai kuɗin ne magana." Ya ƙirga kuɗin sau biyu, ya ba ni rasit, ya tafi. Kuɗin adashen da na ɗauka ne da na tumaki biyu da na sayar.

Abin da ya biyo baya ba sai na tuna wa kowa ba. Kasuwa ta faɗi a 2008, a 2011 aka karɓe bankuna uku, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Mu da namu suka tsira muka ce alhamdu lillahi, ko ba yawa za a riƙa ganin riba. Cakin ribar kuwa ta gidan waya ake aiko shi, zuwa akwatin makarantar da na baro. An mayar da ni Dukku, daga can Kumo, takarda tana can tana shan ƙura a ofishin hedimasta. In ta iso hannuna wata shida sun wuce, an ce ta mutu. Wadda ta iso da ranta kuma, a lokacin banki ya ce ba a zuba irinta a asusun ajiya, sai na buɗe na 'yan kasuwa. Malamin makaranta da asusun 'yan kasuwa!

Da aka fito da tsarin biyan riba kai tsaye cikin asusu a 2015, aka ce wahala ta ƙare. Ka cika fom, bankinka ya tabbatar kai ne ta lambar BVN, wato lambar tantance mai asusun banki, kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jari ya amince, shi ke nan sai ka ji alat. Daga baya ma aka ce ba sai ka taka ko'ina ba, ka shiga shafin intanet daga ɗakinka ka yi komai. Daga ɗakinka! Wanda ya tsara wannan magana bai taɓa zama a ɗakin da sai an fita tsakar gida an ɗaga waya sama kafin sabis ya kawo ba.

Na je shagon kwamfuta a Jekadafari. Yaron shagon, Allah ya yi masa albarka, shi kaɗai ne a wannan tafiya bai ɗaga mini murya ba. Ya buga sunana a jerin waɗanda ba su karɓi ribarsu ba, sai ga ni, har wuri biyu, ƙarƙashin kamfanonin rajista biyu, kowanne da nasa fom. Ashe sun san ina nan. Sun san ina bin su. Muka sa BVN, shafin ya ce ya aika lambar sirri zuwa wayata. Muka zuba wa wayar ido. Shiru. Ashe layin da na yi BVN da shi tun farko ne, wanda ya ɓace tare da wata tsohuwar waya, kamfani kuma ya daɗe da sayar wa wani. Wato wani bawan Allah a wani gari yana ta karɓar lambobin sirrina yana mamaki. Na je banki aka canza layin, bayan an sa na dawo ba sau ɗaya ba. Muka koma shago, lambar ta shigo, muka ɗora hoto, shafin ya ce hoton ya yi nauyi. Aka rage shi, aka ɗora, wuta ta ɗauke. Aka tada janareta, kuɗin aiki ya ƙaru, muka fara daga farko. A ƙarshe dai ya karɓa. Bayan makonni saƙo ya zo: an ƙi, suna bai yi daidai ba, a tuntuɓi banki.

To shi ne na tuntuɓi banki.

Na isa tun kafin a buɗe ƙofa, na karɓi lamba, na zauna a ƙarƙashin rumfa har rana ta take. Da layi ya zo kaina na yi sallama. Ba ta amsa ba, tana latsa wayarta. Na sake yi. Ta ɗago ido kaɗan ta ce, "Baba, mene ne?"

Na ce, "'Yata, maganar ribar hannun jari ce. An ce suna bai yi daidai ba, an ce in zo wurinku."

Ta miƙo hannu ba ta kalle ni ba. Na ɗora mata takardar shaidar hannun jarin, wadda na adana cikin leda a ƙasan akwati kusan shekara ashirin, ko lanƙwasa babu. Ta kama ta da yatsa biyu ta gefe.

"Wannan ta wane zamani ce?"

Na ce ta zamanin da bankuna ke zuwa har inda muke ce.

Ba ta ji ba, ko ta ji ta share. Ta buga, ta buga, ta yi tsaki, sannan ta juyo da allon. "Duba nan. Nan an rubuta Mohammed. Nan kuma Muhammad. A katin ɗan ƙasa an ƙara Kumo a ƙarshe. Mutum uku ke nan. Wanne ne kai?"

Na ce, "Duk ni ne, 'yata. Ga fuskata, ga yatsana da kuka ɗauka, ga sa hannuna bai canza ba."

Ta ce, "Ni ba fuska nake dubawa ba. Kwamfuta ba ta san fuska ba."

Sai na ce to don me aka ɗauki hotona da zanen yatsuna goma ranar da na yi BVN, in ba don ranar irin ta yau ba? Nan ta ajiye biron. Ta jingina da kujera, ta ɗaga murya yadda na bayan layi zai ji, ta ce, "Baba, ka zo a taimake ka ne ko ka zo koya mini aiki? Ku tsofaffin nan ba ku iya rubuta sunanku iri ɗaya ba, sai ku zo ku ɗora wa mutane laifi. Ba matsalarmu ba ce. Ka je Legas wurin masu rajista."

Legas. Haka ta faɗe shi, sai ka ce Tumfure ta ce in je. Na tambaye ta ko akwai lambar da zan kira. Ta yago gefen wata takarda ta rubuta adireshin imel ta turo mini, ta leƙa bayana ta ce, "Na gaba." Wani matashi a layi ya yi ƙasa da kai don kunya, wani kuma ya ce, "Baba, yi haƙuri ka matsa, mu ma sauri muke." Mai gadi ya riga ya iso kusa da kafaɗata. Na tattara mutum ukun nan da ta ce ni ne, muka fita tare.

Madalla da wannan ilimi. Madalla da digirin da ya koya wa yarinya cewa dattijon da ya ba bankuna kuɗin tumakinsa tun tana rarrafe shi ne matsala. Amma ina huce haushinta sai na ga ita ƙaramar alhaki ce. An zaunar da ita ne a gaban allo, aka ce in baƙi bai zo daidai ba ta kori mutum. Rashin kunyar ce tata. Sauran na manya ne.

Wane ɗan Arewa ne sunansa ya zo iri ɗaya a takardu uku? Malamin da ya sa mu a firamare shi ya zaɓa mana rubutun suna, sau da yawa ya liƙa mana sunan garinmu, shi ya sa rajistar ma'aikata ta cika da Dukku da Deba da Bajoga da Kaltungo. Akawun da ya ɗauke mu aiki ya rubuta nasa. Wanda ya yi mana katin ɗan ƙasa ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Abubakar ya zama Bukar, ya zama Garba, A'ishatu ta zama Aisha, mace ta yi aure an sauya mata na uba da na miji. Duk ma'aikatan hukuma ne da na banki suka yi wannan rubutu da hannunsu. Yau kuma hukuma da banki sun haɗu sun ce mu muka yi laifi, mu za mu biya kuɗin gyara: takardar rantsuwa a kotu, sanarwa a jarida, kuɗin gyaran suna a katin ɗan ƙasa, kuɗin Keke Napep da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin data, kuɗin shago. Na zauna na lissafa, abin da zan kashe ya kusa cinye abin da nake bi. Kuma na tabbata akwai wanda ya riga ni yin wannan lissafi, ya san da yawanmu za mu gaji mu bari.

Ni ma ke nan da nake raye, nake iya karanta abin da allo ya rubuta. Maƙwabcina ya rasu ya bar takardun hannun jari cike da jaka, har da na simintin Ashaka da mutanenmu suka saya don kishin gida. An raba gadonsa bisa shari'a, gida da gona kowa ya san rabonsa. Takardun nan kuwa sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, a aika Legas, a jira. Matarsa ba ta da imel, ba ta taɓa jin sunansa ba. Marayu suna zaune a kan haƙƙinsu ana koro su daga makaranta saboda kuɗin jarrabawa.

A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari da bakinta ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai naira biliyan 190. Kullum in za a ba da dalili sai a ce jama'a ba su waye ba, ba sa zuwa su yi rajista. Ga ni na waye, na zo, da takarduna a leda. Me aka yi mini?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dokar kuɗi ta 2020. A cikinta aka ce ribar hannun jarin da ta shekara shida ba a karɓa ba, da kuɗin asusun da ya kwanta tsawon haka, za a kwashe su zuwa wani asusun amana, gwamnatin tarayya ta riƙe a matsayin bashi, in mai shi ya zo a biya shi. Ka ji fa. Ni in zan karɓi nawa sai baƙi ya dace da baƙi, sai yatsa, sai lambar sirri, sai rantsuwa gaban kotu. Gwamnati in za ta ranci nawa ba ta bukatar sa hannuna, ba ta aiko mini lambar sirri, ba ta damu ko da "o" aka rubuta ni ko da "u" ba. Wa ya tambaye ni ko ina ba da bashi? Na ga 'yan majalisar da muka zaɓa sun iya nemo mu har rumfar zaɓe a ƙauyen da mota ba ta shiga, da jerin sunayenmu da hotunanmu, ba a taɓa cewa ƙuri'ar Mohammed ba ta Muhammad ba ce. Amma a kafa tebur ɗaya a kowace jiha, a ce ga wakilin masu rajista, kawo takardarka da yatsanka a daidaita maka a zama ɗaya, wannan ya gagari ƙasa. An tattara komai a Legas da Abuja, an miƙa wa mutanen da ba su da wuta shafin intanet, an ce an kawo sauƙi.

Mu ma jama'a da namu. Mun saba da wulaƙanci har mun mai da shi tsarin aiki. A ci mutuncin dattijo a gabanmu, abin da ya dame mu kada layi ya tsaya. Wanda ya san manaja ya shiga ta ƙofar gefe a gyara masa cikin minti biyar, ya fito yana ce wa sauran su yi haƙuri.

Yanzu kuma an sake kaɗa gangar. A 2024 Babban Banki ya sake ɗaga jarin bankuna, manyansu sai sun kai naira biliyan 500, suka sake fitowa sayar da hannun jari. Wannan karon ko fom ba sai ka riƙe ba, ta waya ake saye. Ɗana ya gwada a gabana: shafin bai tsaya ba, hoto bai yi nauyi ba, lambar sirri ta shigo kafin ya ƙifta ido, aka cire kuɗin nan take. Har ni sun turo wa saƙo, wai kada in bari dama ta wuce ni. Su aiko mini yaron nan mai kwat har gida, ina da tambayar da zan yi masa tun 2007.