Ƙannena, Ku Kalli Fim Kafin Ku Yanke Masa Hukunci

'Yan'uwana matasa, abin da ya tunzura ni yin wannan rubutu ya faru ne a shagon aski ranar Juma'ar da ta wuce. Talabijin ɗin da ke rataye a bango tana nuna wani tsohon fim na Hausa irin na zamanin kaset, hoton ya yi dishi-dishi, muryoyin kuma suna fita tare da ƙarar iska. Wani saurayi yana kan kujera da ƙyalle ɗaure a wuya, kansa sunkuye a kan waya har mai aski yana ta ɗago masa haɓa. Sau ɗaya ya ɗaga ido ya dubi bango, sai ya kece da dariya ya ce wai dama irin wannan shirmen iyayenmu suke ɓata lokaci suna kallo. Abokansa na kan benci suka taya shi, wannan ya ce a dubi wando, wancan ya ce a dubi kujerun falo. Na tambaye shi cikin lalama ko ya san labarin da fim ɗin yake bayarwa, ya ce bai taɓa kallonsa ba, kuma ba sai ya kalla ba zai san shirme ne. Ban gama jinjina wannan amsa ba sai wani dattijo da ke jiran layi ya karɓe zancen, ya ce ai fina-finan yanzu ne ba su da komai sai fitsara da ɓata tarbiyya. Da na ce masa, “Baba, wanne ka kalla a cikinsu?” sai ya ce Allah ya tsare idonsa, rabonsa da fim tun ana yayin kaset.

Saurayin da dattijon sun ɗauka saɓani suke yi, alhali ciwo ɗaya ne yake damunsu, wato yanke hukunci a kan abin da ido bai gani ba. Dattijo dai na bar shi da girmansa, domin ba huruminmu ba ne mu tsaya muna yi wa iyayenmu gyara a bainar jama'a. Da ku nake, ku da waya ba ta barin hannunku, kuma bakinku ya fi na kowa kaifi a kan fim. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma ku kun juya maganar, ji ne yake korar gani a wajenku. Wani ya yanko daƙiƙa talatin daga fim na awa biyu ya ɗora a TikTok da kiɗan zolaya, ku kuma daga wannan guntun kun gama sanin marubuci jahili ne, darakta bai iya aiki ba, jaruma kuma ba ta da tarbiyya. Wannan daidai yake da alƙalin da ya ji sallamar mai ƙara kawai ya yanke shari'a. Allah Maɗaukaki ya hane mu a cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, da bin abin da ba mu da ilimi a kansa, kuma ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Ban ga inda aka cire fim daga wannan ƙa'ida ba, tunda mutane ne suka yi shi, masu iyali da mutunci.

Tunda tsofaffin fina-finai kuka fi yi wa ba'a, bari in faɗa muku yadda aka yi su. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa da aka kai kasuwa. Mutanen wancan lokaci ba su da makarantar koyon fim a kusa, ba su da banki mai ba su bashi, ba su da kwamfutar da za su gyara hoto da ita. Kyamara ɗaya ce tak ta kaset, sau da yawa ta haya, irin wadda ake ɗaukar biki da ita. Idan ana son a nuna fuskar mai magana sannan a nuna ta mai saurare, sai an tsaya an juya kyamara an sake maganar daga farko. Gidan da za a yi wasa a ciki aro ne, motar aro ce, kayan sawa kowa daga akwatinsa yake zuwa da su, wuta kuma idan an ɗauke sai a jira ko a tayar da janareta, shi ya sa kuke jin gurnaninsa a bayan muryoyi. Tace hoto daga kaset zuwa kaset ake yi, kuma duk kwafin da aka sake sai hoton ya ƙara dusashewa. Bayan duk wannan wahala sai furodusa ya ɗauki fim ya kai wa 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, ya zauna jiran abin da Allah zai yi. Dishi-dishin da kuke yi wa dariya ke nan. Kai da kake riƙe da wayar da ta fi waccan kyamara kyan hoto nesa ba kusa ba, me ka taɓa ɗauka da ita ban da fuskarka?

Kafin su ma akwai na gaba. Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim tun 1976. Gidajen talabijin na Kaduna da Kano da Jos sun shekara da shekaru suna nuna wasannin kwaikwayo da suke tara unguwa guda a gaban akwati ɗaya, inda irin su Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi da aka fi sani da Samanja, wanda ya rasu a 2023, suka nuna cewa ana iya sa mutum dariya a kuma gyara masa hali a zama ɗaya. Na ji da kunnena yaro yana cewa marigayi Rabilu Musa Ibro ihu kawai ya iya, alhali a Disambar 2014 da mutumin ya rasu shi yaron bai gama firamare ba, kuma bai taɓa zama ya kalli fim ɗinsa guda daga farko zuwa ƙarshe ba. Ko ba don komai ba, ai mamaci yana da haƙƙin a kame baki a kansa. Amma ina! Baki shi ke yanka wuya, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

Kada ku ɗauka ina cewa duk abin da aka yi a da zinariya ne. Akwai tsofaffin fina-finai da aka kwafo labarinsu kacokan daga na Indiya, akwai waɗanda waƙa ta cinye rabinsu, akwai waɗanda aka raba kashi biyu ko uku ba don labari ya kai ba sai don a sayar da kaset da yawa. Kuma waɗannan fina-finai da wasu suke kuka da kewarsu yau, su ne aka yi ta tsinewa a zamaninsu saboda rawa da waƙa, har gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001. To amma wanda zai faɗi wannan aibi ya kamata ya zama ya zauna ya gani, ya iya nuna inda labari ya karye da inda ɗan wasa ya gaza. Irin wannan mutum ko ya soki fim zan saurare shi, domin suka ce ta mai sani. Abin da ba zan lamunta ba shi ne hukuncin mai leƙe.

Sababbin ma da kuke cewa naku ne, ba kallonsu kuke yi ba. Tun da kasuwar faifai ta mutu, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan masu shirya fim suka koma YouTube, sai aka shiga zamanin fim mai dogon zango, ana sakin kashi ɗaya duk mako. Kashi mai tsawon awa guda zai fito da dare, kafin a yi minti goma da sakinsa har an cika ƙasansa da “wannan satin bai yi ba” da “an fara ja mana rai”. Yaushe kuka kalla? Wanda ma ya daure ya buɗe, yatsansa yana kan allo yana tsallake duk inda mutum biyu suka zauna suna magana, ɗaya hannun yana amsa saƙo a WhatsApp, yana neman wurin mari ko wurin kuka kawai. Gobe da safe shi ne zai tsaya a majalisa yana rantsuwa labarin ba shi da kai ba shi da gindi, alhali kan da gindin suna cikin hirar da ya tsallake. Akwai abin suka na gaskiya a fina-finan yanzu, kamar jan labari don a tara makonni, tunda kuɗin yana zuwa ne daga yawan masu kallo da talla, da cusa tallan kaya a tsakiyar zance, da nuna kowa a katafaren gida sai ka ce babu talaka a ƙasar Hausa. Akwai kuma ci gaba da duk mai adalci zai yaba, a hoto da sauti da tsara magana. Amma kafin ka rarrabe wannan da wancan sai ka ajiye waya ka ba abin hankalinka, kuma wannan ne kuka kasa.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, mafi yawan masu wannan kaifin baki ko sisi ba su taɓa biya ba. A wajen masu tura fim a waya ake zuba musu a kan kuɗi kaɗan, ba tare da ko kwabo ya isa hannun wanda ya zuba dukiyarsa ba, sannan su dawo suna tambayar dalilin da ya sa fim ɗinmu bai kai na Amurka ko na Koriya ba. Ka ci haƙƙin mutum, ka kuma bi shi da zagi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga nan kuma sai zancen ya bar fim ya koma kan mutuncin 'yan wasa, musamman mata, wace ce ta fito daga gidan miji, wace ce ta sayi mota, da kuɗin wa ta saya. Wannan kuma ba ra'ayin mai kallo ba ne, gulma ce da ƙazafi, ko da an yi su a waya. Magana zarar bunu ce, kuma abin da ka rubuta yana nan bayan kai ka manta.

Har fina-finan Indiya ba su tsira daga bakinku ba. Kun tashi kun tarar da fassara, ana yi muku magana da Hausa ana haɗa muku da barkwanci, sai kuke cewa tsofaffin ba su da daɗi, sun cika tsawo, faɗansu na ƙarya ne. Iyayenku da yayyenku sun kalli waɗannan fina-finai a sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba da Eldorado, a fili ba rufi, bayan duhu ya shiga, ba fassara ba komai. Ba su jin yaren, amma saboda tsabar natsuwa sai mutum ya fito ya ba ka labarin fim na awa uku tiryan-tiryan, ya gaya maka wane ne ya ci amana, wace ce uwar da ta yi haƙuri, da dalilin da ya sa jarumi ya ɗauki fansa. Sanin da suka yi wa 'yan wasan ne ya sa har suka raɗa musu sunayen Hausa. Ba ina yabon zuwa sinima ba ne, domin a lokacin ma iyaye ba sa son a ga ɗansu a can. Natsuwar nake yabo, da kunyar da mutum yake ji ya buɗe baki a kan abin da bai gani ba.

Wannan kunyar ce na nema na rasa. A da idan ana hirar fim a majalisa, wanda bai kalla ba shiru yake yi, ko ya ce a ba shi labari, ko ya tashi ya je shagon haya ya karɓo kaset ya kwana da shi. Gida guda ake haɗuwa, yara a kan tabarma, manya a kan kujera, ba mai tashi sai an rubuta ƙarshe, kuma idan an ɗauke wuta a tsakiya haka za a kwana da zulumi har gobe. Washegari a yi ta muhawara, wani ya ce uban ne da laifi, wani ya ce kishiyar ce, kowa yana kafa hujja da abin da ya faru a cikin fim ɗin. Yanzu kowa yana ƙuryar ɗaki da abin ji a kunne, ya kalli rabi, ya ari ra'ayin wani mai yawan mabiya, ya fito yana tada jijiyar wuya a kai. Idan ka tambaye shi hujja sai ya ce ai kowa ma haka yake faɗa. Tsorona shi ne wanda ya saba da wannan a kan fim ba zai tsaya a nan ba, haka zai yi wa littafi, haka zai yi wa karatun malami da aka yanko masa guntu, haka zai yi wa maƙwabcinsa idan aka kawo masa suka.

Ƙannena, ku ji tsoron Allah ku gyara. Idan ba ku kalla ba ku ce ba ku kalla ba, ba wanda zai rage muku daraja. Idan kun kalla bai yi muku ba, ku faɗi abin da bai yi ba da ladabi, ku bar iyayen mutane da aurensu. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ku da kuka iya sarrafa waya da kwamfuta ku ne ya kamata ku nemo waɗannan kaset-kaset ku kwafe su kafin su gama lalacewa, domin zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura da damina, na'urar kunna shi ma sai an sha wahala ake samu. Da yawa daga masu shirya su sun rasu, wasu sun tsufa, shagunan haya kuma tuni aka mayar da su wuraren cajin waya da sayar da data.