Albam ba takardar jarrabawa ba ce, a bar waƙa ta kwana tukuna

Wannan sabuwar ɗabi'a da ta shigo mana ta fara kai ni bango wallahi. Albam zai fita da sha biyun dare, kafin a kira asuba ka buɗe waya ka ga sitatus ya cika da lambobi, wannan ya ba shi 11 bisa 20, wancan ya ce 13 da rabi, wani ma har da 12,75 kamar malamin lissafi ne ya gyara takarda da jan biro. Kun dai ga yadda aka yi wa yaron nan mawaƙi namu na Garwa, a nan arewacin Kamaru, makon da ya wuce, ba sai na kama suna ba, shekara guda yana tara kuɗin sitidiyo, a dare ɗaya aka yanke masa hukunci aka manna masa 9 a goshi, alhali yawancin masu yaɗa lambar ko waƙa ta uku ba su kai ba.

Ni ba na faɗa da mutum ya ce wannan ya fi mini wancan. Tun muna yara ake wannan gardamar a majalisa, ana shan shayi ana musu har kofi na uku ya huce. Abin da nake faɗa da shi shi ne tebur ɗin nan da matasa suka ƙirƙiro, kowa da nasa, suna kiransa tsari, suna ganin tunda akwai lissafi a ciki to gaskiya ce tsantsa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ɗan yayata ya zo gaishe ni a Yelwa, yaro ne mai hankali, yana ajin ƙarshe a lise, kuma yana son waƙa da gaske, wannan ba na musu. Ya miƙo mini waya ya ce, "Kawu duba ka gani, nawa tsarin babu son kai ko kaɗan." Na karɓa na duba. Gida biyar ya yi, kowanne da kowefisiyan ɗinsa, wato lambar da ake ninka makinsa da ita: kalmomi kowefisiyan 4, murya 3, kiɗa 3, haɗin sauti 2, hoton bango 1. Kowace waƙa zai ba ta maki a kowane gida, ya ninka, ya tara, ya raba, sannan ya haɗa na duk waƙoƙin ya fitar da muwayen ɗin albam, wato matsakaicin makinsa, sak irin bilten ɗin da ake ba su a ƙarshen zango. Albam ɗin yaron nan na Garwa shi ma 9 ya ba shi, har ya sa a sitatus. Na ce masa, "To ɗana, sau nawa ka saurari albam ɗin kafin ka cika wannan?" Ya ce, "Sau ɗaya ne Kawu, amma da iyafis na ji, kuma ban tsallake ko ɗaya ba." Na ce a ina ka ji, ya ce a kwance a ɗaki, biro a hannu.

Biro a hannu! Nan ne ɓarnar ta fara. Wanda ya riƙe biro yana jin waƙa ai ba sauraro yake ba, farautar kuskure yake, kunnensa yana kan inda murya ta ɗan kauce ko inda ganga ta danne baiti, zuciyarsa kuma ba ta sami damar cewa komai ba.

Sannan shi kansa lissafin muwayen ɗin, ku zo mu gwada shi a fili tunda lamba suke so. Ga albam mai waƙa goma, kowacce ba yabo ba fallasa, ka ba kowacce 12, muwayen ya tashi 12. Ga wani kuma mai waƙa goma shi ma, uku daga ciki irin waɗanda in an sa su a gidan biki har tsofaffi sai sun gyara zama, ka ba su 19 kowacce, sauran bakwai kuma cikon benci ne ka ba su 8. Tara ka gani: 57 da 56, ya zama 113, raba goma, 11,3. Wato a tsarin ɗana na farkon ne ya ci. Albam ɗin da nan da wata biyu babu wanda zai tuna ko amshi ɗaya a cikinsa ya doke wanda ya ba mu waƙa uku da za a yi shekara ashirin ana rerawa a kicin da bayan moto. Haba jama'a, wane irin ma'auni ne wannan? Muwayen an yi shi ne don a ga ko ɗalibi ba shi da rauni a wani darasi, don haka yake son mai matsakaicin ƙoƙari a ko'ina. Waƙa kuwa ba a tuna ta don ba ta da laifi, ana tuna ta ne don akwai inda ta taɓa ka.

Kuma abin da ya fi ba ni haushi, waɗanda aka kwaikwayo abin daga wajensu ma sun san lambar ba ta tsayawa. Shafin Pitchfork na Amurka mai sharhin waƙoƙi shi ne ya shahara da maki daga 0,0 zuwa 10,0 har da ɗigo, matasanmu suna ganinsa kamar alƙali. To a 2021 su da kansu suka dawo suka sake ba albam 19 maki, suka ce na da ba daidai ba ne. Discovery na Daft Punk, 'yan Faransa, wanda ya fita a 2001, da sun ba shi 6,4, bayan shekara ashirin suka mayar da shi 10 cif. Waƙoƙin ba su canja ba, ko sauti ɗaya ba a ƙara ba, kunnen mai saurare ne ya girma. In mutanen da wannan ce sana'arsu, ana biyansu albashi a kai, suka yi kuskuren kusan maki huɗu cikin goma kuma sai da shekara ashirin ta wuce suka gyara, kai da ka ji sau ɗaya a tsakar dare da barci a ido, daga ina ka samo ɗigo 75 ɗin nan?

Akwai kuma wata matsalar da ta fi shafarmu mu nan. Shi albam ɗin kansa mazubi ne da fasaha ta kawo. Faifan LP da kamfanin Columbia ya fitar a 1948 yana ɗaukar minti ashirin da 'yan kai a kowane gefe, shi ya sa Turawa suka saba jera gajerun waƙoƙi su cika shi. Kaset da Philips ya kawo a 1963, irin C60 ɗin nan da muka tashi da shi, minti talatin ne kowane gefe. Waƙarmu ta girmi duk waɗannan, kuma ba don su aka gina ta ba. An gina ta ne don fili, don fada, don biki, don gona da kasuwa, mawaƙi yana kallon idon mutane yana ƙara baiti ko ya rage. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, da ya rasu a 1999, kalangu ne da 'yan amshi, waƙa ɗaya za ta iya cinye gefen kaset, kuma gobe in ya sake ta ba za ta zo iri ɗaya ba. Sa shi a tebur ɗin ɗana mu gani. Haɗin sauti, da yawan abin da ya iso mana an ɗauke shi ne a fili ana jin hayaniyar jama'a, sai ya sha ƙasa. Hoton bango babu. Amshi kuma da yake dawowa sau hamsin, na ga wasu tebur ɗin har gida suka ware suna rage maki wai maimaici ya yi yawa, alhali amshi shi ne ƙashin bayan waƙar, shi ne igiyar da mawaƙi yake riƙewa ya yi nisa ya dawo. Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, kuntigi ne kawai a hannunsa, tsirkiya ɗaya tal. Nawa za ka ba shi a gidan kiɗa mai kowefisiyan 3? Duk tsarin da zai kayar da waɗannan mutane biyu, tsarin ne ya faɗi ba su ba.

Gidan kalmomi kuwa, da suka ba shi kowefisiyan mafi girma, nan ma akwai magana. A Garwa mutum ɗaya a yini ɗaya zai ji waƙar Hausa, ya ji ta Fulatanci, ya ji makosa ko bikutsi daga kudu, da yamma maƙwabcinsa ɗan Chadi ya sako ta Larabci. Ni'ima ce wannan, amma kada mu yaudari kanmu, ba dukanmu muke jin zurfin kowane harshe ba. Yaron da Hausarsa ta kasuwa ce, bai san habaici ba, bai san zambo ba, kirari in an yi shi sai ya ɗauka jerin sunaye ne kawai, shi ne zai zauna ya ba baiti 10 bisa 20 ya rubuta wai babu saƙo. Saƙon yana nan, ya wuce ta saman kansa ne. Akwai baitin da na yi shekaru ina rerawa ban gane da wa ake ba sai da wata gwaggona ta warware mini shi tana tankaɗe, ta yi dariya ta ce ai wannan ba yabo ba ne, sara ne aka naɗe a cikin yabo.

Masu cewa ai a bar kowa da ra'ayinsa, waƙa ba ta da mai kyau ba ta da mara kyau, waɗannan gudun magana kawai suke, don kowa ya san akwai waƙar da aka yi da gumi akwai wadda aka yi da gaggawa. Masu cewa a duba yawan waɗanda suka saurara a intanet kuma su ne suka fi ɓata, tunda a Spotify daƙiƙa talatin kacal in ka yi an ƙirga ka, kuma mu nan rabin waƙar da ake ji ta Xender da memori take yawo, babu na'urar da ta san da ita.

In kana son ka ga masu auna albam na gaskiya, je shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Akwai wani da nake kai wa ɗinki kusa da babbar kasuwa, su huɗu ne a shago ɗaya, keke huɗu, sifika ɗaya a rataye jikin ƙusa, zafin Garwa kuma ba sai na faɗa muku ba. Daga bayan tarawi har sahur suna kan keke. Na zauna ina jiran a sa mini maɓalli, sai na lura akwai waƙar da in ta zo babu mai motsi, ƙafafu suna kan feda, wani yana bin amshi a hankali da allura a baki. Akwai kuma wadda da ta fara, ƙaramin cikinsu ko ɗaga kai ba ya yi, zai miƙa hannu ya danna ta wuce, kuma babu wanda zai ce don me. Ba su taɓa zama sun ba kowa maki ba, amma bayan dare goma sun san albam ɗin nan ciki da waje, sun san wace waƙa ce take riƙe mutum da ƙarfe uku na dare lokacin da ido ya yi nauyi. Haka direban da yake bin hanyar Ngaundare ko Marwa kullum, haka matar da take jin waƙa tana wanki. Kaset ɗin mahaifina ma haka yake, akwai wajen da zaren ya sirance har murya tana rawa saboda yawan mayarwa baya da ake yi da biro, wannan wajen shi ne makin da ya ba shi.

Wani zai ce to me ya yi zafi, ai wasa ne na yara. Ba wasa ba ne ga wanda ya sayar da babur ɗinsa ya shiga sitidiyo. Data tana da tsada, mutum ba zai zuba kiredi ya sauke waƙa goma sha biyu ba in ya riga ya ga abokansa uku sun rubuta 9 bisa 20. Manyan mawaƙan Kano da Kaduna ko na Duwala lambar ɗalibin lise ba za ta rage musu komai ba. Namu na gida da masu sauraronsa ba su wuce unguwa biyar ba, ita ce take kashe shi tun bai miƙe ba, kuma mu ne za mu dawo muna kukan wai arewa ba ta da mawaƙa.

Ni dai abin da nake yi ba shi da wani tebur. Ina barin albam a waya kamar kwana arba'in, in ji shi a hanya, in ji shi a gida, in ji shi ranar da raina yake a ɓace. Bayan nan ko dai na goge shi don in sami wuri, ko na bar shi, ko kuma na kama kaina ina tura wa wani ina cewa don Allah ji wannan. In dole sai an yi rubutu, a rubuta wace waƙa ce ta kama ka kuma a wane baiti, ya fi lamba amfani ga mai karatu da shi kansa mawaƙin.

Haka na gaya wa ɗan yayata kafin ya tafi. Na ce kada ya yaga tebur ɗinsa, ya ajiye, amma ya cire 9 ɗin nan daga sitatus tukuna, ya bar waƙoƙin yaron a wayarsa zuwa bayan salla sannan ya dawo ya gaya mini guda nawa suka rage bai goge ba. Ya ce, "To Kawu, in sha Allahu," ya cire a gabana.