Kada Ka Tsallake Sunan Mefiboshet

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Ranar Lahadi a sujadar Turanci wata yarinya ta hau karatun 2 Sama'ila sura 9. Tana tafiya lafiya har aya ta 6, sai ta ci karo da Mephibosheth. Ta tsaya. Ta gwada sau biyu harshe ya ƙi, sai dariya ta tashi daga baya. Daga nan duk inda sunan ya fito ta haɗiye shi ta wuce. Tun ranar abin yake cin raina, domin a cikin masu dariyar har da manya.

Bari mu fara da furucin, don ba shi da wuyar da ido yake nunawa. Gaɓa huɗu ne. Turawa suna danna murya a gaɓa ta biyu, kusan haka: ma-FIB-o-sheth. Inda kuka ga ph, f ce zalla, kada a nemo p. Ita kuwa th ta ƙarshe, ana sa kan harshe tsakanin haƙora a hura iska. Hausa ba ta da wannan sauti, shi ya sa namu Littafi Mai Tsarki ya rubuta Mefiboshet. Wanda ya faɗa haka bai yi laifi ba. Mai jin Turanci ma kada ya ɗaga kafaɗa, don sunan na Ibrananci ne, Bature ma aro ya yi ya lanƙwasa shi daidai bakinsa. Ko a Ingila da Amurka da wuya ka ji an raɗa wa yaro shi. Akasari a coci kawai suke jinsa, kuma su ma masu karatunsu sai sun yi bita.

To, wane ne wannan da muke tsallakewa?

Ɗan Jonatan ne, jikan sarki Saul. Yana da shekara 5 labari ya zo daga Yezreyel cewa ubansa da kakansa sun mutu a yaƙi. Mai renonsa ta ɗauke shi ta gudu, garin sauri ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Yana nan a 2 Sama'ila 4:4. Rana ɗaya yaro ya rasa uba, ya rasa gidan sarauta, ya rasa ƙafa. Ya ƙare a Lodebar, a gidan Makir ɗan Ammiyel, yana zaman alfarma. A 1 Tarihi 8:34 an kira shi Merib-ba'al, amma sunan da ya bi shi shi ne wannan mai ƙarewa da boshet, wato kunya a Ibrananci. Ku duba nauyin da yake ɗauke da shi duk lokacin da aka kira shi.

Da sarki Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya ragu a gidan Saul, Ziba baran gidan ya amsa cewa akwai ɗan Jonatan, gurgu ne. Ku koma 2 Sama'ila 9:3 ku gani da idonku, Ziba bai ambaci sunansa ba, da nakasarsa ya gabatar da shi. Amma da aka kawo shi fada ya faɗi rubda ciki, kalmar farko da ta fito daga bakin sarki ita ce sunansa. Sai bayan haka ya ce masa kada ya ji tsoro. Mutumin da ya kira kansa mataccen kare, an mayar masa da dukan gonakin kakansa, an sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su yi masa noma, shi kuwa kullum yana cin abinci tare da sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Alherin Allah ke nan da muka sani, wanda Yahaya 10:3 ya ce makiyayi yana kiran tumakinsa da sunansu.

Idan muka haɗiye sunan nan a karatu, ayar da ta fi daɗi a surar muka ɓata. Idan kuma muka yi wa mai tuntuɓe dariya, mun koma layin Ziba, mun ga raunin mutum mun manta da mutumin. Ina tsoron yarinyar nan ta ƙi sake hawa karatu, kuma alhakin yana wuyanmu.

Masu karatu, ku karɓi nassinku tun kafin Lahadi. Ku raba dogon suna gaɓa-gaɓa, ku faɗa da ƙarfi a ɗaki har baki ya saba, ku tambayi fasto ko wani dattijo ba tare da jin nauyi ba. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, idan yaro ya kakare a tsakiyar aya, wanda yake kusa ya ɗora masa a hankali, sauran mu yi shiru mu jira shi.

Na roƙi a sake ba yarinyar nan wannan sura ranar Lahadi mai zuwa. Asabar da yamma za mu zauna da ita mu bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, har da Makir da Ammiyel da Lodebar. Ku sa ta cikin addu'a.